Yadda Injiniya Mika'il Ya Sasanta Paris da Lyon

Duk wanda ya taɓa kai salula gyara a unguwar Goutte d'Or ta Paris ya san Mika'il, in ma bai san fuskarsa ba ya ji muryarsa. A wata 'yar butik, wato ɗan shago, yake zama mai faɗin tabarma biyu, aikinsa liƙa gilashi a fuskar salula. Amma kada ka kuskura ka kira shi da sunan da aka yanka masa rago. Injiniya ake cewa. Asalin sarautar kuwa, shekara tara da suka wuce ya yi sati uku yana koyon ordinater, wato kwamfuta, a wata makaranta a Belleville, aka ba shi baj, katin shaida na ratayawa, mai shuɗiyar igiya. Karatu ya ƙare, makarantar ma ta rufe ta koma gidan sayar da taliya, baj yana nan a wuyansa har masallaci.

"Ni da ordinater," in ji shi, "kallon juna kawai muke yi, ta san abin da nake nufi."

Yayarsa Hajiya Hassia ce, mai sayar da shadda da turare, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Mace ce da in ta taya kaya, mai kayan ne ke ba ta haƙuri. Ɗan nata Nazir zai auri wata yarinya a Lyon, Latifa, ran Asabar. Komai ya kammala sai abu guda: wanda zai tsaya wakilin ango ya karɓi aure. Ƙanen marigayi yana Zinder, an hana shi biza. Saura mutum biyu. Akwai Salihu, ɗan baffan marigayi, mai ɗaukar kaya a kasuwar kifi da nama ta Rungis, wanda ba ya magana sai an taka shi, ko an taka shin ma sai ya ce sannu. Akwai kuma Mika'il, wanda tun da ya ji labari barci ya ƙaurace masa, don wakili shi zai sa babbar rigar marigayi mai aska takwas ya zauna gaban jama'ar gari biyu.

"Yaya, wakilcin nan nawa ne. Salihu in aka ce ya karɓi aure sai an kafa masa mikro uku."

"Wakilci na dangin uba ne."

"Dangin uba ba su da biza."

Hajiya ta dube shi irin duban da take wa atamfar da ta san za ta zuba. "To ji nan. Mutum tamanin zan kwasa zuwa Lyon, bis biyu. Can a sal, zauren biki, kujera ɗari da sittin ce, tamu da tasu. Amarya ta shirya abin rabon kujeru a ordinater, amma gobe za ta shiga lalle. Ka kai min mutanena kowa a kujerarsa, ka zaunar da su ba tare da surukai sun raina ni ba, riga taka, wakilci naka. Mutum ɗaya ya tsaya a tsaye, ka tuɓe."

"Ba ni rigar yau in saba da ita."

"Asabar."

"Alhamis, Yaya."

"Juma'a bayan la'asar. Kuma ba hula."

Aka tsaya a nan.

Ran Laraba da hantsi Nazir ya kawo ordinater ɗinsa butik, ya kira amarya ta bidiyo, ya tafi wurin tela. Latifa ita ce injiniya ta gaske, mai takardu har ba ta san inda ta ajiye su ba, kuma ba ta da baj.

"Tonton," in ji ta, wato kawu da Faransanci, "ina kwana? Bari in yi sauri, Maman tana haɗa lalle. Fishiye ne na Excel, wato takardar lissafi ta cikin ordinater, sunan kowa yana ciki. Akwai maɓalli guda da ke raba kujerun bis da na sal, ya aika wa kowa lambarsa ta salula. Abin da ke bayan maɓallin shi ne makro, wato umarnin da aka rubuta layi-layi ordinater tana bi. Matsalar ita ce kwafi biyu ne, ɗaya wurin Nazir, ɗaya wurina, kuma ba su zama ɗaya ba. Shi ya sa na turo wani ɗan ƙari da za ka dasa cikin Excel. Shi ke fitar da umarnin ya ajiye a dosiye guda, wato ma'ajiyar da mu duka muke gani, shi ke kuma shigo da shi. Ka fara danna fitarwa kafin shigarwa. In ya nuna maka layi biyu sun saɓa, ja da kore, ɗaya ake zaɓa. Ɗaya tak, Tonton. Sannan ka sani duk abin da ka rubuta a..."

"Ma fille, 'yata," in ji Mika'il yana ɗaga hannu, "lokacin da na fara makro ba a yaye ki ba. Je ki sa lallenki."

Ya katse.

Dasa ɗan ƙarin nan bai yi shi a ɓoye ba. Ya fito da tebur bakin butik, ya shimfiɗa masa sallaya, ya kira Mu'awiya wanzami na kusa da shi da duk mai wucewa. Kafin komai ya liƙa wa ordinater gilasan salula huɗu a fuska, don tsaro. Ya danna fishiyen ɗan ƙarin sau ɗaya, shiru. Ya danna sau goma sha uku. Tagogi goma sha huɗu suka buɗe a jere, kowace da tambaya iri guda a rawayen layi: ka amince da wannan baƙon?

"Tana tambaya ko na amince da shi," in ji Mika'il.

"Ka san ubansa?" in ji Mu'awiya.

"Daga gidan surukai ya fito."

"Shi ya sa na tambaya."

Mika'il ya ga maganar tana da nauyi. Ya tsayar da shaidu biyu, mai gasa masara da wani Basinigale mai jiran aski, suka ɗaga hannu suka ce ba su san baƙon da wani mugun hali ba. Sannan ya amince, sau goma sha huɗu. Maɓallai biyu sababbi suka bayyana a sama, fitarwa da shigarwa. Jama'a suka yi tafi, shi kuwa ya gyara baj.

Dosiyen da Latifa ta tanada sunansa "biki", da ƙananan haruffa. Mika'il ya ga raini ne. Ya buɗe sabo fil, ya raɗa masa INJINIYA, ya nuna wa ɗan ƙarin nan ne gidansa.

"Yarinyar ta ce fitarwa ake farawa," in ji Mu'awiya, wanda ya ji komai ta bango.

"Kai ka taɓa fita daga gidan da ba ka shiga ba? Yaran boko komai a juye suke yinsa."

Ya danna shigarwa. Ɗan ƙarin ya leƙa dosiyen INJINIYA, ya tarar ba komai, ya ɗauko ba-komai ɗin ya zuba a madadin duk umarnin da ke cikin fishiye. Mika'il ya danna maɓallin rabon kujeru don gwaji. Ko motsi. Ya sake dannawa da babban yatsa. Ya danna da gwiwar hannu.

"Ta mutu?" in ji mai masara.

"Hutu take. Injin kirki ba ya aiki da rana tsaka."

Ya kwashe tebur ya shige ciki ya ja labule, gumi har cikin takalmi. Ya kira Nazir ya ce masa wata ƙwayar cuta daga Lyon ta so ta cinye fishiye, Allah ya sa shi yana kusa, a sake turo wani. Da aka turo, ya bi maganar yarinya a sace, ya koma dosiyen "biki", ya danna fitarwa. Sai wata 'yar taga ta buɗe tana tambaya: me ka canza? Mika'il ya ji daɗi har ransa. Shekara tara yana cewa suna fahimtar juna, yau ga ta tana tambayarsa damuwarsa. Ya waiwaya, ba kowa, ya rubuta mata abin da ke cikinsa kamar mai gaya wa aminiya.

Ran Alhamis abin da Latifa ta faɗa ya fito. Layuka ja a hagu, kore a dama. Ja shi ne tsarin Paris: a zaunar da mutane bisa shekaru, babba gaba. Hajiya Hassia ce ta sa aka rubuta shi, don tsofaffinta sun fi yawa. Kore shi ne tsarin Lyon: a zaunar bisa kusanci da amarya. Wannan na Hajiya Raliatou ne, uwar Latifa, mai gidan abinci a Guillotière, ita ma mijinta ya rasu, ita ma ba a taɓa jin ta ce "to" a karo na farko ba. A ƙasa ordinater ta rubuta: zaɓi ɗaya.

Mika'il ya kira salular Latifa. Muryar da ta ɗauka ba ta amarya ba ce.

"Wa ke nan?"

"Injiniya ne, Hajiya, kawun ango. Ina gajiya? Latifa nake so, minti ɗaya."

"Latifa tana cikin lalle. Hannu biyu a ɗaure cikin leda, ƙafa biyu cikin safa. Kwana uku, yadda aka yi min a Damagaram."

"A kara mata salular a kunne."

"Amarya a lalle ba ta magana da dangin miji."

"To ta gyaɗa kai kawai. Ja ko kore?"

"Koren nan nawa ne, an gaya min. Ka taɓa shi, ku sauka a Lyon ku tarar da sal a kulle."

Ƙit. Ya ɗauki ordinater ya nufi shagon yayarsa, ya fara da yabon sabon turarenta, sannan ya gangaro kan batu: ai kore ma launi ne mai kyau, launin Aljanna.

"Wanne ne nawa?"

"Ja."

"In ka goge ja, ka goge riga."

Ya koma butik ya zauna tsakanin ja da kore kamar akuya tsakanin kura biyu. Can dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Shi da ya girma yana ganin yadda dattawa ke raba gardama a zaure, ina aka taɓa cewa ɗaya ya yi gaskiya ɗaya ya yi ƙarya? Kowa ake ba haƙƙinsa, a raba goro, a shafa fatiha. Yaran boko ne kawai ke cewa ɗaya tak, shi ya sa aurensu ba ya daɗewa.

Ya kwafi ja ya ajiye a sama, ya kwafi kore ya liƙa a ƙarƙashinsa. Ya ɓare goro biyu, ya ɗora ɓari a hagun maɓallai, ɓari a dama. Ya kira Mu'awiya ya zama shaida.

"Ta ce ɗaya ake zaɓa."

"Ita ta san lissafi, ni na san mutane. Shafa."

Suka shafa. Yana cikin duba aikinsa ya hangi wani layi can sama da ke cewa kujera ta ɗaya, ko a wane tsari, ta Malam Adam ce, limamin da zai ɗaura aure a Lyon. Mika'il ya daɗe yana kallon layin nan. Sannan ya yi masa ɗan gyara da yatsa guda. Duk lokacin da ya danna fitarwa 'yar taga takan tambaye shi me ya canza, shi kuma ba ya ɓoye mata komai.

Juma'a bayan la'asar ya karɓi riga. Ya sa ta nan take, ya rataya baj a sama, ya danna maɓallin rabo gaban jama'a. Ordinater ba ta yi gardama ba. Ta bi ja ta raba kujeru ta aika, ta gangara ta bi kore ta sake rabawa ta sake aikawa. Salula ɗari da sittin a Paris da Lyon suka yi ƙara sau biyu.

"Injiniya, lamba biyu aka aiko min," in ji wata mata.

"Ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa."

"Ni duka biyun sun ce zuwa."

"To ke babbar baƙuwa ce."

Asabar da safe bis biyu suka tsaya a Porte de la Chapelle. Kowane mutum yana da kujera biyu, kowace kujera tana da mutum biyu. Wani dattijo mai sanda ya tarar da jaririya a kujerarsa, uwarta tana nuna masa salula. Wata Tanti mai faɗin ƙofar masallaci ta ce tunda lamba biyu aka ba ta duka biyun za ta zauna, aka ce ai ɗaya tana wancan bis ɗin, ta ce a ciro mata ita. Wani ango na bara ya ga an haɗa shi kujera da surukarsa, ya sauka ya ce zai tafi a ƙasa. Salihu kuwa yana ta loda tukwanen miya da kwandon goro.

Hajiya Hassia ta leƙo ta taga. "Mika'il!"

"Tsari ne, Yaya, sabon tsari! Jama'a ku saurara. Kowa ya zauna a lambarsa ta farko. In mun kai rabin hanya, kowa ya koma ta biyu. Ba wanda aka zalunta."

Abin mamaki, suka yarda, don sanyi ake yi kuma kowa ya ga zai ɗanɗana gaba ko da rabin hanya ne.

A wurin hutawa na kusa da Beaune aka yi musanyar. Mutum tamanin suka sauko da jakunkuna da kuloli da jarirai, suka yi karo a tsakiyar fili kamar kasuwa ta watse. Turawa masu cin sanwic suka daina tauna. Mika'il ya tsaya tsakiya cikin aska takwas, ordinater a hannu guda, ɗaya hannun yana nuna gabas da yamma. Yana cikin haka batir ya mutu. Ya ruga cikin gidan shan kafe neman wurin caji, ya tsuguna bayan injin sayar da ruwa.

Direban bis na farko ya duba takardarsa, sunan kowa yana ciki, ya ce waɗanda babu suna ɗayan. Direba na biyu ya duba tasa, ita ma sunan kowa yana ciki, ya ce haka nan. Da Mika'il ya fito, ba abin da ya tarar sai takalmin yaro ƙafa ɗaya.

Ya tsaya bakin hanya yana ɗaga hannun riga kamar tuta. Motoci arba'in suka wuce. Ta arba'in da ɗaya ƙaramar motar kaya ce ta wani Balarabe mai suna Nassim, da ke kai kifi Lyon.

"Shigo gaba, Alhaji."

Mika'il ya buɗe ƙofa, wani kare mai girman maraƙi ya dube shi daga kan kujera.

"Ba ya cizo, lasa kawai yake."

Rigar marigayi da yawun kare, ga aure za a karɓa? Mika'il ya ce shi dama likita ya hana shi zaman gaba. Ya shiga baya, ya zauna kan akwatin kifi tsakanin ƙanƙara, ya rungume ordinater. Awa biyu.

Da aka buɗe masa ƙofa a bakin sal ɗin biki a Villeurbanne, gefen Lyon, gemunsa ya yi fari, haƙoransa suna kaɗa kalangu. Kuliyoyi biyu suka raka shi har ciki.

Ciki kuwa ba a cewa komai. Mutum ɗari da sittin a tsaye, kowa da salula a sama yana karanta wa maƙwabcinsa lamba. An kawo amarya a lulluɓe an rasa inda za a ajiye ta. Malam Adam liman, wanda ko saƙo ɗaya bai samu ba, yana tsaye bakin ƙofa da carbi yana jiran a ce masa bisimilla. A gaba kuwa Hajiya Hassia da Hajiya Raliatou sun riƙe kujera ta biyu, ɗaya ta kama baya ɗaya ta kama ƙafa.

"Tawa ce, ga saƙo!"

"Ni ma ga saƙo! A garina za ki nuna min saƙo?"

"Garinki? Lyon ɗin da kuka saya?"

Kujera ta ɗaya tana nan ba kowa. Mika'il ya ratsa jama'a, hanya tana buɗe masa da kanta saboda wari, ya zauna a kai ya baza riga.

"Ga shi nan!" in ji Mu'awiya. "Injiniya ya iso, kuma ya zo da miya."

Hajiyoyin suka saki kujera tare.

"Jama'a, hankali," in ji Mika'il, yana rawar sanyi. "Aikina ba shi da aibu. Matsalar daga Lyon take. Na faɗa tun Laraba, fishiyensu yana da ƙwayar cuta."

Daga ƙarƙashin lulluɓi wata murya ta ce, "Maman, lalle ya ƙare ko?"

"Ya ƙare, 'yata. Tashi ki wanke mu."

Latifa ta miƙo hannuwa jajaye har gwiwa, ta karɓi ordinater. Ta kankare gilasan salula huɗu, ta kakkaɓe ɓarin goro, ta jona ta da injin da aka kawo don haska hotunan ango da amarya a bango.

"Ba sai an yi gardama ba," in ji ta. "Amfanin ɗan ƙarin nan ke nan. Yana ajiye duk canjin da aka yi, da ranar, da wanda ya yi, da bayanin da ya rubuta. Mu duka muke gani. Abin da na so in gaya maka ke nan, Tonton."

Bango ya yi haske. Haruffa suka fito manya kamar kan mutum.

"Ni ban iya wannan ba," in ji Hajiya Hassia. "A karanta min."

"Ni ma," in ji Hajiya Raliatou.

Mu'awiya ya riga kowa ɗaukar mikro. "Laraba, ƙarfe uku da kwata, Injiniya ya ce: Ɗazu na goge komai da hannuna. Na ce wa Nazir cuta ce daga Lyon. Tsakaninmu."

Mutanen Lyon suka ce, "Iyye!"

"Wannan ba rubutuna ba ne!" in ji Mika'il.

"Alhamis, ƙarfe biyar, Injiniya ya ce: Na cire liman na sa kaina a kujera ta ɗaya. Shi yana da tasa a lahira."

Malam Adam ya daina jan carbi. "Allah ya sa," in ji shi, "amma ƙafata ta nan duniya ce ke ciwo."

"A kashe injin nan, yana cin wuta!" Mika'il ya tashi ya tare bango da jikinsa, ya buɗe hannuwa. Farar riga ce, rubutun ya fito a ƙirjinsa ya fi na bango kyau. Mu'awiya ya matso ya karanta daga cikinsa.

"Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi: Na bar na tsofaffin nan duka biyu. Ɗaya ta fi ɗaya taurin kai, kuma ba wadda za ta gane, ko alif ba su sani ba."

Kuliyoyi suka hau lasar takalminsa.

Hajiya Raliatou ta juya a hankali. "Hajiya, tsofaffin nan da ake faɗa, su wa ke nan?"

"Ni da ke ne, 'yar'uwa."

"Ni da na ciyar da rabin Guillotière ba alif?"

"Ni da na goya shi a bayana yana min fitsari!"

Latifa ta danna wani wuri, umarnin ya koma yadda yake ran Laraba da safe kafin kowa ya taɓa shi. Ta ce, "To, ja ko kore? Ɗaya tak."

Abin da ya gagara wata biyu aka gama shi kafin a sha ruwa.

"Sal taki, a bi kore," in ji Hajiya Hassia, "amma tsofaffina za a fara zuba wa abinci."

"Shinkafa kawai. Nama tare."

"Nama ma, in bar miki kwandon goro."

"Da turmin shadda ɗaya."

"Rabin turmi."

"Allah ya sa albarka."

Salula suka yi ƙara sau ɗaya. Mutane suka zazzauna kamar an zuba ruwa a yashi. Aka kamo hannun liman aka kai shi kujera ta ɗaya. Mika'il ya duba tasa salular, ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama. Ba komai. Ashe sunansa bai taɓa shiga jerin baƙi ba, shi ma don ɗoki bai duba ba, layin liman kaɗai ya riƙe shi. Mutum ɗari da sittin a zaune, mutum ɗaya a tsaye.

"Tuɓe," in ji Hajiya Hassia.

"Yaya, a gaban surukai?"

"A gaban surukai ka karanta min alif."

"A bar min ita har a shafa fatiha."

"Yanzu."

"To hannu ɗaya..."

Hajiya Raliatou ta kama hannun dama, Hajiya Hassia ta kama na hagu, suka zare rigar ta kansa kamar ana feɗe rago. Ya rage daga shi sai 'yar shat mai tallan katin waya, da baj. Aka zura wa Salihu riga. Na kusa da shi suka toshe hanci, shi kuwa shekara ashirin a Rungis, bai ji komai ba.

Liman ya yi huɗuba, ya ce, "Ina wakilin ango?" Ƙafar Mika'il ta yi taku ɗaya da kanta. Hajiyoyi biyu suka waiwayo tare, sai ya mai da takun ya zama na buɗe wa mai ɗauke da tire ƙofa.

"Mun karɓa," in ji Salihu, ba mikro, aka ji shi har wurin ajiye motoci.

Aka shafa, mata suka rangaɗa guɗa. Mu'awiya ya zo bakin ƙofa da cinyar kaza a hannu, ya tarar da Mika'il yana goge baj da gefen shat.

"Sannu, Injiniya. Riga ta tafi, wakilci ya tafi."

Mika'il ya dube shi da tausayi. "Kai wanzami ne, ba za ka gane ba. Wakilcin nan duka kalma biyu ne. Ni kuwa minti ashirin sunana yana kan bango, gari biyu suna kallo. Je ka tambayi Salihu, shi an taɓa haska shi?"